Ƙafafun da Na Ɗauko a Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban zauna a majalisarmu ta bakin Ƙofar 'Yandaka ba sai wani ya ce, "Malam Mannir, wai ya can ɗin take?" Na ba da labarin sau da yawa, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai wa na gaba. Shekaranjiya na ji ana cewa wai jandarmomi sun tsare ni kwana biyu. Ba su tsare ni ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru yadda na iya tunawa. Kwana huɗu kawai na yi, don haka duk inda na ce mutanen Maraɗi suna yin kaza, waɗanda na gani nake nufi. Ban ce kowa haka yake ba.

Bayan na gama bautar ƙasa aka ɗauke ni ƙaramin malami a sashen horar da malamai na kwalejin da na yi karatu. A sashen akwai wani kabad na ƙarfe, a cikinsa akwai ƙananan kyamarori shida na bidiyo, irin waɗanda ake riƙewa a tafin hannu, masu ɗan allo da ake buɗewa a gefe. Kyauta aka ba kwalejin. Sun fi shekara biyu a cikin kwalayensu, makullin kuma yana aljihun Malam Isiyaku mai kula da kayan sashe, dattijo mai amana wanda a ganinsa ɗalibi da kayan gilashi ba sa haɗuwa a rabu lafiya. Sai takarda ta zo cewa duk kayan da ba a amfani da su za a kwashe su zuwa babban sito in zangon karatu ya ƙare. Ni ne na yi kasada na ce a taron sashe ko za a ba ɗalibai su ɗauki junansu yayin gwajin koyarwa. Na san ana iya yi da waya, amma da yawa daga ɗalibanmu mata ba za su yarda hotonsu ya kwana a wayar wani ba, kyamarar kwaleji kuwa a kwaleji take kwana.

Shugabar sashe, Hajiya Dakta Binta, ta ce ta san wani malami a Maraɗi mai yin haka da ɗalibansa. "Je ka gani, ka ɗauko mana da kyamara ɗaya. Litinin ta sama mu kalla. In ya gamsar, kayan sun zauna. In bai gamsar ba, su tafi sito."

Malam Isiyaku ya miƙo mini kyamarar da hannu biyu. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Hannunka kaɗai. Ba ɗalibi, ba direba, ba kowa." Na ce in sha Allahu.

Ranar jajibirin tafiya, bayan la'asar, na gwada ta a gidanmu a unguwar Gobarau cikin Katsina. Inna tana zaune a tabarma tana tsintar shinkafa, na ɗauke ta na minti biyu tana yi mini faɗan kada in ci abin da ban sani ba. Na ga jar ɗigo ta kama, na ji murya ta shiga, na kashe. Na naɗe kyamarar a cikin tsohuwar riga, na sa a leda, na sa ledar a jaka, jakar kuma na rataya ta gaba a ƙirji.

Sai da rana ta fito sosai muka bar tashar motocin Jibiya, don kowa ya san ba a sammako a wannan hanyar yanzu. Mu huɗu a baya. Kusa da ni wata Hajiya Larai ce, 'yar kasuwa mai kai atamfa Maraɗi, wadda ta ce ta san kowane rami na hanyar da sunansa. Ta dubi yadda na rungume jaka ta ce, "Ɗana, jariri ne a ciki?" Na ce kayan makaranta ne. Ta ce, "To sassauta mashi, kar ya shaƙe." A kowane shingen jami'ai sai in fiddo takarduna tun kafin a tambaya, har direba ya juyo ya ce, "Malam, don Allah ka bari sai an nema. Kana tuna masu aiki."

Na fita daga ɓangarenmu na iyaka ba wata matsala. A ɓangaren Nijar ne wani jandarma dogo ya buɗe jakar, ya kwance leda, ya warware riga, ya ɗaga kyamarar sama. Gabana ya faɗi, na farko don tsoro, na biyu don ga hannun wani a kanta tun ban yi nisa ba. Daga baya na yanke wa kaina hukunci cewa hukuma ba ta cikin sharaɗin Malam Isiyaku, ko da yake ban tabbata shi zai yarda da haka ba.

"Ɗan jarida ne kai?"

Na ce a'a, na miƙa wasiƙar Hajiya Dakta. Da Ingilishi aka rubuta ta, shi kuma Faransanci ya karanta. Ya juya ta gaba da baya ya ce in kunna ya ga abin da ke ciki. Na kunna. Muryar Inna ta fito tana cewa kada in sha ruwan da ban ga inda aka ɗebo ba. A allon kuwa babu komai sai ƙafafunta biyu masu lalle da gefen faranti.

"Ƙafar wa ke nan?"

"Ta mahaifiyata ce, ranka ya daɗe."

Ya kira abokin aikinsa suka kalla tare. Hajiya Larai ta matso ta ce, "Ku bar shi, ɗana ne, mushen lakwal ne. Ɗan jarida zai ɗauki ƙafa?" A can mushe suke ce wa malamin boko, makaranta kuma lakwal. Jandarman ya naɗe mini kyamarar da kansa, ya ce in na koma in gaida Inna, kuma ruwan Nijar lafiya lau yake. Ni dai na ɗauka rashin sabo da na'ura ne ya jawo. Ban ƙara tunanin abin ba, da ma na yi.

Mushe Habu, wanda aka aike ni wurinsa, ya zo tasha da kansa a kan babur. Gajere ne mai furfura, yana da dogon burodi a hammata ba leda ba takarda. Da ya ji daga Gobarau nake sai ya ce, "To sannu da zuwa gida. Ai mu ne Katsinawan asali, ku masu gadin gari ne muka bari." Wannan zolayar na ji ta a bakin mutum ya fi biyar kafin in dawo, kuma ban taɓa samun amsar da ta dace ba sai bayan mai maganar ya wuce. Hausarsu tamu ce sak, har ta fi ta wasu 'yan birninmu da suka yi karatu a Kano tsabta, sai dai inda mu muke jefa Ingilishi su Faransanci suke jefawa. Ɗan acaɓa kabu-kabu ne. In za su faɗi lokaci kuma ba sa tsayawa a sha biyu. Mushe ya ce aji zai zauna ƙarfe goma sha biyar, sai da na ɓoye hannu a aljihu na ƙirga kafin na gane ƙarfe uku ne.

A shagon ƙofar gidansa ya sauke ni, ɗaki mai tsabta da katifa da randa. Ina shiga na fiddo caja don in cika batir, sai na tarar soket ɗinsu ramuka biyu ne zagayayyu, cajarmu kuwa mai ƙafa uku ce masu faɗi. Na zauna a bakin katifa ina tunanin tafiyar ta ƙare tun ba a fara ba. Na yi kusan rabin awa ina jin nauyin in faɗa. Da na faɗa, Mushe ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Madam, ina abin nan na baƙin Najeriya?" Aka miƙo wani ɗan farin mahaɗi da suke ajiyewa musamman saboda irina.

Abinci kuwa, na karya umarnin Inna tun ranar farko. Tuwon gero da miyar kuka kamar na gida, dambu da zogale, sai kilishin da ban taɓa cin mai taushinsa ba. Da safe dogon burodin nan mai ɓawo, wanda ya kankare mini dasashi amma na so shi. Shayinsu ne ya ba ni wuya. A 'yar buta ake dafa shi a kan gawayi, a zuba a ɗan kofin gilashi da bai fi babban yatsa biyu ba. Na shanye na farko, mai ɗaci kamar maganin zazzaɓi, na yi godiya na miƙe. Mushe ya ce, "Ina zuwa? Saura biyu." Ashe zagaye uku ne, kuma tashi bayan na farko kamar ka bar mutum yana tsakiyar magana ne.

Makarantarsu ta horar da malamai ce ta gaba da sakandare. Da na shiga ajin na ɗauka an tashi, don babu kowa a gaban allo. Ɗalibai sun kasu huɗu-huɗu, kowane rukuni da kyamararsa, wasu ma an ɗaure murfin batirinsu da roba. Ɗaya yana koyarwa na minti goma, biyu suna zaman masu koyo, ɗaya yana ɗauka. Sai a haska a bango da majigi, kuma wanda aka ɗauka shi ne zai fara magana a kan abin da ya gani kafin kowa. Mushe yana zaune a baya yana cin gyaɗa. Na ga wata kyamara tana wucewa daga hannu zuwa hannu kamar kofin ruwa, sai na ƙara rungume jakata.

Bayan aji na roƙe shi ya zauna ya yi mini bayanin tsarin don in kai wa Hajiya Dakta. Ya yi magana ta minti ashirin, magana mai ma'ana, ni kuma ina ɗauka.

Kashegari ya tura rukunonin cikin gari. Aikin shi ne kowa ya nemo mai sana'a, ya ɗauko yadda yake koyarwa ba allo ba alli. Aka haɗa ni da rukunin Nana Hadiza, wata mata da ta yi shekaru tana koyarwa a firamare kafin ta dawo ƙaro karatu. Ta girme ni, kuma tun da ta ji sharaɗin Malam Isiyaku take kirana mai gadin kyamara. Muka je wurin wani tsohon baduku, Baba Ɗanjuma, a bayan kasuwa. Ya yarda ya nuna wa Sale, ɗaya daga cikin ɗaliban, yadda ake ɗinke bakin jakar fata. Nana ta ce tunda tawa sabuwa ce a ɗauka da ita. Na ce to, amma ni zan riƙe. Na durƙusa na gaida Baba, na kunna, na sa ido a kan jar ɗigo da alamar batir har aka gama.

Da yamma aka haska a bango, gaban mutum kusan talatin. Muryar Baba Ɗanjuma ta fito raɗau. Hoton kuwa ƙafafunsa ne, daga idon sawu zuwa ƙasa, minti goma sha biyu. Wani ya ce a gwada na jiya. Aka sa hirar Mushe Habu, sai ga takalmansa masu maɗauri da ɓawon gyaɗa a gefe, minti ashirin cur.

Ajin ya fashe da dariya. Nana ta riƙe ciki tana cewa, "Mai gadi, ashe awon takalmi aka aiko ka!" Sai a lokacin na gane. Tun ina yaro ban taɓa kallon fuskar babba yana magana ba. In babba ya buɗe baki kaina yana sunkuyawa da kansa, kuma ashe hannuna yana bin kaina. Ina kallon ɗan allon fa duk tsawon lokacin, amma ƙafa ita ce abin da idona ya saba gani in dattijo na magana, shi ya sa ban ga wani aibu ba.

Mushe ya bari suka gama dariyarsu. Sannan ya ce a mayar da na Baba Ɗanjuma daga farko, kowa ya faɗi abin da ya gani. Aka zura wa ƙafa ido. Can Nana ta ce, "Tsaya. Ku dubi babban yatsansa." Baba yana danne ƙarshen fatar da yatsan ƙafa, yana sassautawa yana matsewa daidai da jan zare. Sale ya ce shi ya sa nashi ɗinkin ya yi ta karkacewa, don Baba bai faɗi wannan da baki ba, shi kuma hannu yake kallo. Suka yi ta muhawara a kan abubuwan da mai koyarwa ya sani amma bai san ya sani ba. Na ɗan ji sanyi. Amma ina sane cewa ba zan iya kai wa Hajiya Dakta rabin awa na ƙafafu in ce ga hujja ba, kuma kwana ɗaya ya rage mini.

Da safe Mushe ya ce, "Yau kai za ka koyar. Minti goma."

Na ce, "To wa zai ɗauka?"

Ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Na ce ko a ɗauka da tasu, in kwafa. Ya ce ana iya yi, amma abin da mutanena suke son sani shi ne ko kyamararsu za ta shiga hannun ɗalibi ta fito da rai. Gaskiya ya faɗa. Na tsaya da ita a hannu ina tuna yadda Malam Isiyaku ya miƙo mini ita. Na yi alkawari, kuma ni ba mai wasa da alkawari ba ne. Amma in na cika shi, kyamarori shida za su tafi sito su mutu a kwali. Na ce a raina in na koma da bakina zan faɗa, kafin a tambaye ni. Na zura wa Nana igiyar a wuyan hannu, na ja na ƙara ja, har ta ce, "Malam, hannun nawa ne, ina son abuna."

Na koyar da yadda ake shirya darasi. Da aka haska, ni ne zan fara magana bisa ƙa'ida, sai na tsaya kallon kaina. Na ga wani saurayi yana yi wa siminti bayani, lokaci-lokaci ya juya ya yi wa allo. Duk jimla biyu sai ya ce wataƙila. Sannan Nana ta juya kyamarar ga masu koyo, kamar yadda Mushe ya koya musu cewa rabin lokaci su za a ɗauka. Sale ya ɗaga hannu. Ya daɗe da shi a sama, ya tallafe gwiwar hannun da ɗayan, ya canza hannu, daga ƙarshe ya sauke. Ban gan shi ba sam. Shekara guda ina koyarwa a Katsina, ban san hannu nawa aka ɗaga mini aka sauke ba. Lokacin da nake ɗalibi mai duba gwajina ya taɓa rubuta mini cewa in riƙa kula da aji, na karanta na ce to, ban san abin da yake nufi ba sai ranar.

Bayan la'asar na sake. Ban ce na zama gwani ba, wataƙila ɗin ma bai bar ni ba. Amma da wata ɗaliba ta ɗaga hannu na gani, na tsaya, ta yi tambaya, kuma tambayar ta fi darasin kyau. Nana ta kwance igiyar ta miƙo mini kyamarar da hannu biyu, tana kwaikwayon yadda na kwatanta mata Malam Isiyaku, ta ce, "Ga amanarka, mai gadi. Duba ko na ciji wani wuri."

Madam ta ƙulle mini kilishi na kai wa Inna. A iyaka ban tarar da jandarman nan ba, kuma abin mamaki sai na ji ban ji daɗi ba.

Ranar Litinin muka taru a ofishin Hajiya Dakta, malamai bakwai da Malam Isiyaku a kujerar bakin ƙofa. Na yi tunanin in goge ƙafafun, amma na ga kamar ɓoye wani abu ne, sai na sa komai bi da bi. Da takalman Mushe Habu suka cika bango, Hajiya Dakta ta cire tabarau tana share hawaye. Aka zo kan koyarwata ta farko, da hannun Sale a sama, sai dariyar ta tsaya. Wani babban malami ya gyara zama ya yi tari. Aka kalli ta biyu har ƙarshe.

Kafin kowa ya yi magana na miƙe na ce, "Malam Isiyaku, akwai abin da zan faɗa. Wannan na ƙarshen ba ni na riƙe ba."

Ya ce, "Ai na gani, tunda ga ka a ciki. Wa ya riƙe?"

"Ɗaliba ce."

Ya miƙo hannu na ba shi kyamarar. Ya buɗe allon, ya rufe. Ya duba gilashin a hasken taga, ya hura, ya goge da bakin hularsa. Ya juya ta ƙasa ya duba murfin batir.

"Wancan na ƙafafun fa, wa ya riƙe?"

"Ni ne, Malam."

Ya dube ni. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fiddo makulli ya ajiye a teburin Hajiya Dakta, ya ce, "To ai gara a ba ɗaliban."

Biyar ya saki. Ta shida ya riƙe a kabad, wai ko wata za ta lalace, kuma ban yi musu ba. Yanzu mako uku ke nan ɗalibanmu suna ɗaukar junansu huɗu-huɗu. Ban san ko abin zai ɗore ba, kuma har yanzu gabana yana faɗuwa duk lokacin da na ga wani ya riƙe ta da hannu ɗaya. Malam Isiyaku kan zo ya tsaya a bakin taga, wai kayansa yake dubawa, amma jiya na ji shi yana ce wa wani ɗalibi, "Kai, juya ta wajen masu sauraro mana."

Kafin in mayar da kyamarar a ranar da na dawo, na tarar da Inna a tabarmarta tana yayyaga kilishin Madam tana cewa ai ta ce kada in ci abin da ban sani ba. Na isar mata da gaisuwar jandarma. Sannan na kunna, na durƙusa kamar kullum, na ɗaga hannuna a hankali har fuskarta ta shigo allon. Ta tsaya da tauna.

"Mannir, kallona kake?"

Na ce, "Aikin makaranta ne, Inna."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tana dariya a bayansa. Ashe in tana dariya idonta na hagu yana rufewa kafin na dama. Shekarata ashirin da bakwai a gidan, ban sani ba.

Ta ce, "To yi maza ka ɗauka, kafin in ji kunya."